Hancin Nikifor a Bangon Yamma

Duk wanda ya kalli fuskata a garinmu Arinet ya san ni jikan Nikifor ne, hancin ya isa shaida. Duk wanda kuma ya san Nikifor, sai ya danne dariya ya ce in ba shi labarin bangon yamma. To ga shi nan gaba ɗaya, in huta da ba da shi guntu-guntu.

Nikifor mai fentin amalanke ne, a zamanin da sarkin Ostiriya ke mulkin ƙasarmu ta Bukowina. Yana yi wa ƙafafun amalanke ja da kore, yana zana fure a akwatin amare, in kasuwa ta yi sanyi har ƙyauren barga yakan shafa. Tun yana saurayi ya taɓa ɓacewa wata biyar, ya dawo da baƙar hula da labarin wai ya je Dutsen Atos ya koyi zanen coci a hannun sufayen Girka. Gerasim mai niƙa ya rantse cewa a garin Suchawa ya gan shi, bayan kasuwar dawaki, yana wanke wa wani bokitin fenti. Amma hakan bai hana tafiyar ƙara nisa duk shekara ba. A lokacin da wannan labari ya faru, wata biyar ɗin nan sun zama shekara bakwai, har da haɗarin jirgin ruwa a ciki.

Abu ɗaya ke ci wa Nikifor tuwo a ƙwarya. Mutanen gari suna ce masa Bade Nikifor, kamar yadda ake ce wa kowane mai gashin baki, shi kuwa so yake a ce Meshter, sunan da ake ba gwanin da ya gama sanin sana'arsa. Ya yi nuni, ya yi habaici, ya yi fushi, babu wanda ya taɓa kiransa haka ko da wasa.

Cocin Annabi Iliya, na sufaye mata da ke kan tudu, zane ne ciki da waje kamar sauran tsoffin cocin ƙasar. Bangon yamma na Ranar Hisabi ne. Daga sama akwai mala'iku da ma'auni a kan wani shuɗi wanda ya haura shekara ɗari uku bai koɗe ba, sai jan kogin wuta ya gangaro zuwa kusurwar dama, inda dodo ya hangame baki. Amma daga ƙasa, kamar tsayin mutum biyu, ruwan yamma ya cinye komai. Ƙofar aljanna ta zama dishi-dishi, 'yan wuta kuwa babu ko ɗaya. Tsoffin gari suna cewa shi ya sa zunubi ya yi arha a Arinet.

Wata Lahadi bayan sujada, Maika Tekla shugabar sufayen, gajeriyar mace mai tsadar magana, ta tsayar da jama'a a farfajiya. Ta ce Bishop zai zo idin Annabi Iliya, saura mako huɗu. Ta ce ta aika wa wani mai zane a birni ya zo ya gyara bangon, ya amsa cewa aikin shekara uku ne.

Nikifor ya yi dariya har sai da kowa ya juyo.

"Shekara uku, Maika? A Atos, coci guda muka zane tsakanin shiga azumi da Ista, har da kubba. Wannan ɗan bangon ai mako uku ne, in ma na tsaya cin abinci."

Gerasim ya shafa jan gemunsa ya ce, "Bade Nikifor, amalanken da ka yi wa surukina fenti, ranar da ya tsallaka rafi da shi, mako guda muka yi muna cin koren kifi."

"Kifi bai san zane ba. Kai ma haka."

Da Maika ce kaɗai, da maganar ta mutu a nan. Amma jama'a suka hau cewa a ba ɗan gida, a ba ɗan gida, kuma ba ƙaunar Nikifor ce ta kawo haka ba. A irin wannan bango, al'ada ce a zana masu zunubi da sana'arsu: mai niƙa mai tauye mudu da dutsen niƙa a wuya, mai gidan giya mai sirka ruwa da ganga a ka, manomin da ke cin iyakar maƙwabci da garma a baya, maƙaryaci rataye da harshensa. Mai zanen birni bai san fuskar kowa ba. Nikifor kuwa ya san ta kowa. Duk wanda ke tsaye a farfajiyar nan yana da maƙwabcin da yake so ya gani a wuta, kuma babu wanda ya tuna cewa shi ma maƙwabcin wani ne.

Da Nikifor ya ga iska ta juyo wajensa, sai ya kafa sharaɗi biyu. Na farko, zai rubuta sunansa a ƙasan bango, da Meshter a gaba.

Maika ta ce, "Magabata ba sa rubuta suna. In ma sun rubuta, cewa suke, ta hannun mai zunubi wane."

"Su suka san abin da suka aikata, Maika. Na biyu, ki rantse a gaban jama'a ba mai kankare mini aiki. Na san mutanen garin nan da hassada."

Maika ta dube shi, ta dubi bango. Sannan ta ɗora hannu a kan gicciyen ƙirjinta ta ce, "Abin da bangon nan ya riƙe daga hannunka, ba mai kankarewa, ko ni ko wadda za ta gaje ni."

Washegari Nikifor ya kafa dakalin katako ya jera kaskon launi. Sai ga Mosh Onufrie, tsohon da ke kula da ramin farar ƙasa na sufaye, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa masu zane na gaske dakon yaɓe. Ya tsaya ya dogara sanda.

"Ina za mu fara yaɓen?"

"Wane yaɓe?"

"Ɗana, ai a ɗanyen yaɓe ake zane. A shafa daidai abin da za ka gama a yini, ka zana kafin ya bushe, bango ya sha launin ya bushe da shi. Busasshen bango ba ya shan komai. Shi ya sa mutumin ya ce shekara uku."

"Mosh, wannan tsohon yayi ne. A Atos an daina tun kafin in je. Akwai sirri."

"Wane sirri?"

"Da zan faɗa maka ai ba sirri ba ne."

Sirrin kuwa kunun fulawa ne da madara, da ɗan zuma don ƙyalli. Zamfira matarsa ta gano shi tun ranar farko, da ta ga buhun fulawarta ya rame.

"Kai mutumin nan, fulawar gurasar idi ce kake kaiwa bango?"

"Mace, ki bar ganin fulawa. Shekara ɗari uku nan gaba za a tsaya a karanta sunan mijinki."

"Yau da daddare kuma a ci sunan?"

Kafin ya hau bango, sai da ya yi kwana biyu a bayan gida da madubin Zamfira yana koyon zana fuskarsa a ƙyauren rumbu, don shi ne zai tsaya a gaba a ƙofar aljanna. Sau arba'in ya zana ta. Ya kuwa iya ta, sai dai tun daga nan hannunsa ya ƙi sanin wani hanci ban da nasa. Manomi, mai giya, tsohuwa, har shaiɗanun da ke jan su, kowa da wannan ƙaton hanci mai lanƙwasa da muke yawo da shi har yau. Abin da ke bambanta su sai gemu, hula, kallabi da kayan sana'a.

Ranar da Zamfira ta kai masa tuwon masara ta ɗaga mayafin da ya rufe aikin, ta daɗe tana kallo.

"Duk 'yan wutar nan danginku ne?"

"Salon Girka ne. Ba ki je ba, ba za ki gane ba."

Jama'a kuwa suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi kamar addu'a ta kawo shi. Wannan ya ajiye cuku ya raɗa sunan maƙwabcinsa, wancan ya ajiye ƙwai ya raɗa sunan mai cukun. Domnika mai gidan giya ta ji ƙishin-ƙishin an sa ta da ganga a ka, ta zo da tulu guda.

"Bade Nikifor, ni da ke ba ka kujerar kusa da murhu?"

"Ai ba ke ba ce, wata ce mai kama da ke."

"To a sake mata kallabi. Matar maƙeri shuɗi take ɗaurawa."

Ya sake. Da yamma matar maƙeri ta zo da kaza, kallabi ya koma ja. A ƙarshe ya ga bai kamata ya ɓata wa ɗaya rai ba, ya zana su duka biyun a ganga ɗaya. Kafin mako biyu wuta ta cika maƙil, har wasu sun leƙo ta gefen kogi. Aljanna kuwa ba wanda ya kawo ko ƙwai ɗaya don a sa wani a cikinta, sai Nikifor shi kaɗai a tsaye da farar riga.

Rannan ya cika ciki da kazar matar maƙeri, ya miƙe ƙarƙashin bishiyar tuffa da rana tsaka. Da ya farka sai ya tarar awakin sufaye sun yi layi a jikin bango suna lasa. Kunun fulawa da madara da zuma ne, wace akuya za ta wuce? Duk mai zunubin da ke sahun ƙasa sun cinye shi har ƙugu, bunsurun kuma ya ɗaga ƙafa yana neman na sama, gemunsa ja wur da kogin wuta.

Gerasim, wanda ya kawo wa sufaye gari, ya sauke buhu ya riƙe ciki don dariya.

"Maika, fito ki gani, awakinki suna ceton rayuka. Abin da ya gagari wa'azin shekara goma sun gama kafin azahar."

Nikifor ya kori awakin da buroshi yana cewa, "Wannan alamar aiki mai kyau ne. A Atos, in dabba ba ta lashi zane ba, ba a karɓarsa."

Ya kewaye bango da ƙaya ya sake zana ƙafafu. Don aikin ya bushe da ƙyalli kafin idi, ya ninka zumar. Bai tuna cewa amyar zuman sufaye, guda goma sha biyu, tana bayan katanga ba. Saura kwana uku idi, da hantsi, yana kan dakali yana gyara wa kansa gashin baki a aljanna, ƙudan zuma suka iso. Ya kai wa ɗaya mari, ya sami kasko, kasko ya kife masa a ƙirji, sauran suka bi ƙamshi. Ya yi tsalle baya, ya manta faɗin dakalin taku biyu ne. Ya faɗo cikin ƙayar da ya shinge da hannunsa, katako kuma ya zame ya caki bango a kusurwar dama, daidai bakin dodo, ya ɓalle tsohon yaɓe mai faɗin faifai biyu.

Sufaye suka zare masa ƙaya ɗaya-ɗaya. Maika ta hana a sake kawo zuma kusa da cocinta. Zamfira ta kulle fulawa da madara ta rataya makulli a wuya.

Da sassafe Mosh Onufrie ya ɗebo farar ƙasar da ta shekara goma tana kwance a rami, ya kwaɓa da yashi, ya cike gurbin da ya ɓalle a bango ya shafe shi sumul. Ya ce, "Ga shi nan. Ka zana shi yau kafin ƙararrawar yamma, da launi da ruwa kawai."

Nikifor zai yi musu, amma ba kunu, ba zuma, ba lokaci. Wurin kuwa ya yi masa daidai, don tun farko ya tanadi bakin dodo domin mutum ɗaya: Gerasim, a matsayin maƙaryaci, rataye da harshe, saboda ƙaryar Suchawa da yake yi masa shekara da shekaru.

Ya tsoma buroshi ya ɗora. Abin da ya gani ya ba shi mamaki. Buroshin yana tafiya da kansa, bango yana shan launi, ja ya fito ja, inuwa ta zauna inda ya ajiye ta. Tunda yake bai taɓa jin daɗin aiki kamar ranar ba, har ya manta kumburin idonsa na harbin zuma. Ya zana jiki, ya zana ƙugiya, ya zana harshe mai tsawon kamu guda. Fuska kuwa, da yake sauri yake, ya bar hannu ya yi wadda ya iya, da niyyar in ya ɗora jan gemu da farar hular mai niƙa kowa zai san Gerasim ne. Sai ya tuna kusurwar nan ce ta sa hannu. A kan tsohon bango, da ragowar kunun da ya kankaro a kasko, ya rubuta Aikin Meshter, layin ya ci gaba ya shiga sabon yaɓe, ya rubuta Nikifor da manyan baƙaƙe ƙarƙashin ƙafar mai zunubin. Yana gamawa ƙararrawa ta kaɗa, jan launi kuma ya ƙare.

Sai da safiyar idi ya samo wani jan, ya kuma saci fulawa tafi guda lokacin da Zamfira ke wanka ta ajiye makulli. Zafin watan Yuli ya riga ya busar da yaɓen. Ya liƙa gemu, ya ɗora hula, ya ja da baya yana murmushi. Gerasim ne sak, in ka yafe hancin.

Mosh Onufrie ya leƙo ya ce, "Gemun nan na aro ne."

"Na Gerasim ma ai ba wanda ya san inda ya samo shi."

Kafin hantsi farfajiya ta cika da mutanen ƙauyuka bakwai, da kwandunan sabuwar tuffa da saƙar zuma da aka kawo a sa wa albarka. Bayan sujada Bishop ya fito, dogon tsoho mai farin gemu, aka zagayo da shi bangon yamma, wanda aka lulluɓe da zannuwan gadon matan gari. Nikifor ya sha sabuwar riga, ido ɗaya har yanzu a kumbure. Ya yi jawabi. Ya ambaci Atos sau tara, Zamfira ta ƙirga. Sannan ya ja igiya.

Kowa ya shiga neman maƙwabcinsa. Kowa ya same shi. Sannan kowa ya sami kansa.

"Wancan mai garmar ai hulata ce."

"Taka ce mana. Ni na kawo cuku aka sa ka."

"To dubi wanda ke bayansa, na kawo ƙwai."

Domnika da matar maƙeri suka ga juna a ganga ɗaya, suka manta gabarsu suka nufo Nikifor tare. Gerasim kuwa ya ga jan gemunsa a bakin dodo, ya zaro wuƙar yanka gurasa.

"Sai na kankare shi. Ni maƙaryaci? Ni da na gan ka da idona?"

Nikifor ya ɓuya bayan sandar Bishop yana ɗaga murya. "Akwai rantsuwa. Maika, maimaita a gaban mai girma, kowa ya ji."

Maika ta maimaita kalma bayan kalma: abin da bangon ya riƙe daga hannunsa, ba mai kankarewa. Bishop ya gyaɗa kai ya ce shi ma shaida ne. Nikifor ya gyara wuyan riga ya dubi jama'a kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

A daidai lokacin aka ji rugugi daga bayan tsaunin yamma. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye ta ce Annabi Iliya ne ya ɗaura wa dawakinsa karusa a sama. Ko yaron goye a Bukowina ya san ranar idinsa ba ta wucewa ba hadari, amma mako huɗu cur babu wanda ya tuna a Arinet, don hankalin kowa yana wuta.

Mosh Onufrie ya ce, "A mayar da zannuwan."

"A bar su," in ji Nikifor. "Bakin rufi ya isa. Kuma launin Atos, ruwa ƙara masa ƙyalli yake."

Iska ta taso, ta kwaso ruwan a kwance, ta bi ta ƙarƙashin bakin rufi ta maka shi a bango, kamar yadda ta saba yi shekara ɗari uku. Jama'a suka ruga ƙarƙashin bishiyoyi da rumfar ƙararrawa, aka riƙe wa Bishop laima, kowa ya zuba ido.

Manomi mai garma ne ya fara tafiya. Hularsa ta zubo kan kafaɗa, kafaɗa ta zubo kan gwiwa. Sai ganga ta narke da matan da ke ciki.

Domnika ta ce, "Na fita."

"Tare muka fita, 'yar'uwa," in ji matar maƙeri.

Aka shiga kiran suna kamar ana rabon gado. Wane ya fita, saura wane, ga ƙafarsa nan ta bi magudana. Shaiɗanu suka bi bayansu. Nikifor bai damu da wuta ba, aljanna ya ruga. Ya cire sabuwar rigarsa ya baza a kan hotonsa, ya rungume bango da ƙirji da kumatu yana cewa a kawo zani, a kawo buhu, a kawo komai. Ba wanda ya motsa. Da ya ɗago, mai farar rigar ya bar bango ya dawo jikinsa, gashin baki ɗaya a goshi, ido ɗaya a wuya.

Ruwan bai daɗe ba. Rana ta fito, bango yana tururi. Daga sama, mala'ikun magabata suna nan da shuɗinsu kamar jiya aka zana. Daga ƙasa kuwa wayam, sai kunu mai launi yana gangarawa cikin ciyawa, awaki sun riga sun iso. Abu ɗaya ya rage, a kusurwar dama, mai faɗin faifai biyu, ruwa ya wanke shi tas yana sheƙi. Jan gemu ya tafi. Farar hula ta tafi. Aikin Meshter ya tafi. Sai mutum rataye da harshe a bakin dodo, da hanci, da gashin baki, da ɗan tabon gira, ga suna a ƙasa da manyan baƙaƙe don kada wani ya yi kuskure.

Gerasim ya mayar da wuƙarsa kube a hankali. Dariya ta fara daga baya, wajen mutanen ƙauyukan nesa, ta taho gaba har ta kama sufaye, suna rufe baki da hannun riga.

Bishop bai yi dariya ba. Ya matso ya sunkuya, ya shafa zanen da yatsa, ya duba yatsan bai ga komai ba. Ya dubi bango, ya dubi Nikifor, ya sake duban bango.

"Na zagaya coci da yawa," in ji shi. "Na ga masu zanen da suka cusa fuskarsu cikin waliyyai, ban taɓa ganin wanda ya ajiye kansa a nan ba. Kuma wannan ɗan gutsuren aikin gaske ne, zai kai abin da na sama suka kai. A ina ka ce ka koya, Meshter?"

Kalmar da ya yi shekara ashirin yana jira ke nan, daga bakin Bishop, a gaban ƙauyuka bakwai. Nikifor ya buɗe baki, Atos ta riga ta hau kan harshe. Sai idonsa mai lafiya ya faɗa kan ƙugiyar da ke bango.

"Suchawa, ranka ya daɗe," ya ce a hankali. "Bayan kasuwar dawaki. Wannan kuwa Mosh Onufrie ne ya yaɓa."

Gerasim ya ce, "To, yau dai na ji."

Da jama'a suka watse zuwa cin abinci, Nikifor ya lallaɓa wajen Maika, yana ɗiga, ya cire hula.

"Maika, ko za a ɗan ara mini makankari? Hancin kawai zan rage."

"Na rantse, Meshter. Sau biyu. Kai ka sa ni."

Shekara uku bayan haka mai zanen birni ya zo ya cike bangon da baƙin fuskoki, ya zagaye kusurwar nan bai taɓa ta ba. Tun daga ranar idin nan ba wanda ya sake cewa Bade Nikifor. Meshter ake ce masa, babba da yaro, kuma ba a taɓa faɗa ba tare da bakin mai faɗa ya ɗan motsa ba. Ya yi wata biyu bai bi ta tudun ba. A na uku ya je ya duba ko sanyi ya taɓa aikin. Kafin shekara ta zagayo ya kai kujera ya ajiye a gindin bangon, duk baƙon da ya zo sai ya tare shi ya nuna masa zanen da ya gagari ruwan Annabi Iliya, ya ce da gangan ya sa kansa a nan, don tawali'u, kamar yadda Bishop ya shaida.

Wata rana Zamfira ta kawo masa tuwo ta tarar yana yi wa wasu baƙi wannan bayani. Ɗaya daga cikinsu ya dubi bango, ya dubi tsohon, ya ce kamar ta yi kama sosai, sai dai harshen ne mai zane ya ɗan zuzuta.

Zamfira ta ajiye kwano ta ce, "Rage shi ya yi, ɗana. Yaɓen ne bai isa ba."